Wainar Sadakar Uku

"Ke Khairi! Albasar nan ita za ta yanka kanta ne?"

Muryar Gwaggo Rafi'a ce ta ratso falo har kicin. Khairunnisa ta yi firgigit, ta cusa wayarta a aljihu, ta jawo wuƙa. Allah ya rufa mata asiri da albasar, don duk wanda ya leƙo zai ɗauka ita ce ta sa ta hawaye.

Gidan nan na unguwar Parkchester da ke Bronx, ciki biyu da falo a hawa na biyar, ya cika ya batse da 'yan gaisuwa, takalma har bakin lif. Shekaranjiya Litinin Allah ya yi wa surukinta Alhaji Isma'ila rasuwa, jiya Talata aka kai shi makwancinsa, gobe Alhamis sadakar uku. To, Alhamis ɗin nan ce ta hana Khairi sukuni.

Da digirinta na Jogirafi ta zo daga Kano, amma shekara shida tana filin jirgin sama na JFK tana auna akwatunan matafiya. A can ta haɗu da Jibrin, babban ɗan Alhaji, direban da ke jiran fasinja, har suka yi aure. Bara ta ajiye aikin ta shiga karatun nas na gaggawa, irin wanda ake yi wa masu digiri a wata goma sha biyar. Karatu ne ba na wasa ba, ta rame har zobenta na sulluɓewa, amma ta ci wata goma sha ɗaya. Duk Talata da Alhamis suna kilinikal, wato yini a asibiti ana koyon aiki a kan marasa lafiya, daga bakwai na safe. Dokar makarantar kuwa ba ta san mutuwa ba: fashi ɗaya ake yafewa, na biyu sallama ce. Khairi ta riga ta cinye nata ranar jana'iza. Saƙon da ta karanta yanzu daga malamarsu ne, ta'aziyya layi biyu, sannan tuni cewa gobe bakwai daidai.

Da la'asar ta tare Jibrin a matattakala, inda babu kunnen kowa.

"Yaya, ka yi wa Gwaggo maganar?"

Ya shafa kai, idanunsa jajur. "Khairi, da wane bakin? Ƙanwar Baba ce, yayanta ta rasa."

"Please, Yaya! Wata huɗu ya rage mini fa. In suka cire ni shi ke nan, ba maimaici. Aikin JFK ma an ba wata."

"Na sani, wallahi na sani. Ni na cike miki fom ɗin da hannuna." Ya jingina da bango. "Bari in gwada."

Gara ma bai gwada ba! Suna shiga ɗakin Hajiya Mariya, matar marigayin, ya durƙusa ya fara kame-kame, Gwaggo ta tafa hannu.

"La'ilaha illallahu! Asibiti? Ranar ukun ubanka? Jibrin, ashe lalacewar taka ta kai nan?"

"Gwaggo, doka ce ta makaranta..."

"Mu ba mu da doka ke nan? A gidanmu tun kaka da kakanni matar babban ɗa ce ke tuyar wainar sadakar uku, ita ce ke miƙa wa malamai. Gobe jama'a za su zo daga Harlem, daga Brooklyn, har 'yan Zango, su ce ina surukar gida, in ce me? In ce ta tafi kwashe fitsarin ƙattin da ba ta san su ba?"

Khairi ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan kafet. "Gwaggo, ki yi haƙuri, zan kwaɓa ƙullun yau, in dawo da magariba..."

"Rufe mini baki! Wallahi kika taka ƙofar nan gobe, to, ki wuce gaba ɗaya. Kai kuma ka zaɓa, ko danginka ko ita."

Jibrin ya kawar da kai. Ƙato guda, mai faɗa da 'yan tasi a layin JFK, ga shi durƙushe yana kallon kafet. Khairi ta saci kallon Hajiya ko za ta sa baki, amma ina! Tun ranar Litinin baiwar Allahn nan ba ta ce komai ba sai amsa gaisuwa. Tana kan sallaya, lulluɓe da hijabin takaba, carbi na tafiya a hannunta.

Khairi ta ce, "Na ji, Gwaggo. Zan zauna."

Ta koma kicin ta jiƙa shinkafar waina. Tana son Jibrin kamar ranta, kuma ba za ta raba shi da danginsa a makon da ya binne mahaifinsa ba. Amma zuciyarta ta yi baƙi ƙirin. Ta tuna Alhaji, wanda shi kaɗai yake tsokanarta da "likitar gidanmu". Ta ɗauko shuɗin yunifom ɗinta da ta wanke, ta dunƙule shi, ta tura ƙasan kwandon wanki don kada ta ƙara ganinsa.

Washegari ana idar da sallar asuba ta ɗora tandar ƙarfen da Hajiya ta taho da ita daga Kano. Ƙullu ya tashi, mai ya yi zafi, waina na fita jajaye. Agogon murhu ya nuna shida saura kwata, ya nuna shida. Duk jirgin ƙasan da ta jiyo ƙararsa daga nesa sai ta ce a ranta, da yanzu ina ciki. Jibrin ya zo bakin ƙofa ya tsaya, ya ce "Khairi..." sai kuma muryarsa ta karye. Ba ta juyo ba.

"Matsa mini, kai."

Hajiya ce. Ba ta taɓa kiran sunan ɗan farinta ba, yau ma ba ta kira ba. A hannunta ga shuɗin yunifom, an goge shi sumul, har da ɗumin dutsen guga.

"Ba ni cokalin nan. Je ki sa kayanki."

"Hajiya, Gwaggo ta ce..."

"Kin ji abin da na ce, Mariya!" Gwaggo ta faɗo kicin ɗin, ɗankwali a karkace. "Ke ma kin san al'adar gidanmu."

"Na san ta, Rafi'a, ni na toya ta mahaifinku." Hajiya ta juya waina ɗaya a hankali. "Amma ni ce mai takaba. Wata huɗu da kwana goma nawa ne, ba na yarinyar nan ba."

Hajiya ta ƙara mai a tanda, ta ci gaba.

"Ke ba ki yi jinyarsa ba. Tun da ciwon shanyewar jikin nan ya buge shi, Turancin da ya yi shekara talatin yana yi ya gudu kaf, sai Hausa. Ran Lahadi na fita alwala, na dawo na tarar yana ta cewa a juya shi ya fuskanci alƙibla. Nas biyu a kansa, mutanen kirki, ɗaya na gyara filo, ɗaya na miƙa masa ruwa. Yana kuka, Rafi'a! Yayanki yana kuka kamar yaro, ni kuma na rasa Turancin da zan faɗa musu. Sai da yarinyar nan ta iso ta yi musu bayani, ta kama shi suka juya shi yadda ba zai ji ciwo ba. A haka ya cika washegari." Ta share ido da gefen hijabi. "Yau ma akwai wani tsohon a wani gadon yana kira da Hausa. In an kore ta, wa zai ji shi?"

Gwaggo ta zauna a kan bokitin shinkafa, ta rufe fuska da ɗankwali, kafaɗunta na rawa. Ba ta ce a tafi ba, ba ta kuma ce a zauna ba.

Hajiya ta dubi ɗanta. "Kai kuma ka tsaya kallona? Ina makullin motar?"

Khairi ta zube ta rungume ƙafafun Hajiya tana kuka, sai da aka ɗaga ta da faɗa. Bakwai saura minti huɗu Jibrin ya taka birki a ƙofar asibiti, ta fita a guje, yunifom na ƙamshin man waina.

Gwaggo ta yi wata uku ba ta amsa gaisuwarta a waya, Khairi kuma ba ta fasa kira duk Juma'a ba. Ranar da aka yaye su, ana maƙala mata alamar nas a ƙirji, sai ta jiyo guɗa ta tsage zauren har Turawa na waiwaye. Gwaggo ce, tsaye kusa da Hajiya wadda ta fita takaba kwana biyu kafin nan.

'Yan'uwana mata, da Khairi ta buga ƙofa ta fice ranar nan, da ta samu takardar nas ɗin ta rasa gidan. Ta yi haƙuri a lokacin da ba ta da wata dabara, Allah ya buɗe bakin da ba ta zata ba. Ku kuma iyaye, ku riƙa tambayar kanku wa al'ada take yi wa amfani kafin ku ɗora ta a wuyan yaro. Sadakar da ta fi waina isa ga Alhaji tana nan yanzu a wani asibiti a Bronx, tana sunkuyawa kan gadon tsofaffi tana cewa, "Sannu Baba, ina jin ka, faɗa mini da Hausa."