Wutar Hannun Yaya Rabe

Na'urar ba ta fi ƙwayar gero girma ba. Tana cikin kan Rabe, bayan kunnen dama, tana sauraren ƙwaƙwalwarsa. Ƙanwarsa Dakta Hansatu ce ta ƙera ta a wata cibiyar bincike da ke Sabuwar Katsina, ta raɗa mata suna Sanyaya.

Tun yana yaro Rabe ke fama da farfaɗiya. Kafin ta buge shi, sai hannunsa na hagu ya ɗauki zafi kamar an tsoma shi cikin tafasasshen mai. Hannun lafiyarsa ƙalau. A ƙwaƙwalwa wutar take, a sashen da ke jin jiki, inda lantarkin ciwon ke fara hautsinewa. Sanyaya ba ta hana faɗuwa, zafin kawai take kashewa.

"Yaya, na gaji da jin ihunka," in ji Hansatu ranar da ta roƙe shi ya bari a saka masa na'urar.

"Ni da wutar nan mun saba, Hansatu."

"Ana sabo da azaba? Ka bari, don Allah."

Ya bari, don bai taɓa iya ce mata a'a ba.

Aikin Rabe gyaran faifan sola ne a saman dogayen benaye. A da, da hannun ya fara ƙuna sai ya ajiye kayan aiki, ya matsa tsakiyar rufi ya kwanta har abin ya wuce. Ran wata Laraba yana bakin rufin wani bene ciwon ya zo, hannun kuwa shiru. Ya faɗo kan titin jiragen kaya, bayansa ya karye.

Da ya farfaɗo a asibiti, ƙafafunsa ba sa motsi. Ya daɗe yana kallon Hansatu.

"Wutar ce ke ce mini in kwanta. Ba ki taɓa tambayata ba."

"Zan cire na'urar, Yaya, wallahi."

Ba ta ciruwa, jijiyoyi sun riga sun nannaɗe ta. Hansatu ta fi kowa sanin haka.

Tana tsaye a barandar asibitin shugaban cibiyar ya kira ta a waya, muryarsa fes.

"Dakta, na duba bayanan na'urar. Ciwon ya buge shi, amma ko ɗigon zafi bai ji a hannun ba. Mun yi nasara! Ko zai iya zuwa bikin ƙaddamarwa a keken guragu?"