Kifi A Gidan Mahauta

Luba na durƙushe gaban risho a tsakar gidan hayarsu na Chaza, tana juya tarwada a mai, ga alayyahu ta yanka a roba, ga dakakken kirefish a gefe. Mijinta Ja'afar na kan benci yana satar soyayyen yana hura yatsa.

"Allah ka ƙara ɗauka sai na kwaɗe hannun nan da ludayi."

"Kwaɗe mana, ai mai kifin da kifin duk nawa ne."

To bari in gaya muku wani abu tukuna. Ja'afar ɗan mahauta ne gaba da baya, a kwata ya girma. Amma tun bayan bikinsu kaɗan bai ƙara kai nama bakinsa ba, daga kifi sai ganye sai wake da awara. Abin da ya faru, yayansa Ummaru ne ya yi faɗa da wani Adewale mai sayen fata, ya zabga masa wuƙa a cinya. Ja'afar ne ya danne ciwon da hannunsa a cikin Keke har asibiti. Abin da ya gani ƙarƙashin tafinsa, jan nan da farin kitsen nan, ba shi da maraba da abin da suke kasawa a tebur. Shi ke nan nama ya fita ransa. Maza suka binne maganar saboda mahaifiyarsu Hajiya Daso na da hawan jini. Luba kaɗai ya gaya wa, ya roƙe ta ta rufa wa yayansa asiri.

Ita kuwa Hajiya abu ɗaya ta sani: amarya ta shigo, ɗanta ya bar nama.

Ba sallama ba komai aka banko ƙofa. Hajiya ce a gaba, Ummaru a bayanta da rigar kwata duk jini, wuƙa a ƙugu, ga ƙunshin balangu a hannunsa. Luba ta zube ƙasa.

"Sannu da zuwa Hajiya, ina wuni."

"Riƙe gaisuwarki. Farfesun da na aiko jiya, a kular wa na gan shi? Ba a hannun 'ya'yan maƙwabta ba?"

"Hajiya ni na ce ta ba su," in ji Ja'afar.

"Rufe min baki, shanyayye. Jikan mahauta yana kiwon ganye kamar akuya, kana ƙarnin kifi kamar kyanwa. An zuba maka a miya ka sha." Ta karɓi ƙunshin ta jefa masa a cinya. "Ko ka cinye wannan a gabana, ko ka sake ta yanzu. Zaɓi."

Ja'afar ya buɗe takardar. Ya ɗauki yanka ɗaya, ya kai har leɓe. Sai ga amai na taso masa. Ya ajiye.

"Hajiya ki yafe min, ba zai wuce ba."

Kafin ya rufe baki Ummaru ya shaƙe shi, ya haɗa kansa da bango, ya dunƙulo naman yana cusa masa a baki da ƙarfin tsiya. Leɓen Ja'afar ya fashe, jini da yaji suka cakuɗe, yana ta kakari. Kuma fa Ummarun nan ya san dalilin sarai, amma gara masa a ce asiri ne da a tono nasa.

Luba ta riƙo rigarsa. "Yaya Ummaru don girman Allah, za ka kashe shi."

Ya juyo ya wanke ta da mari har ɗankwalinta ya tashi. Ya sa ƙafa ya shure rishon, kaskon ya kife, tafasasshen mai ya fallatsar mata a ƙafa, kifi ya watse a ƙasa.

"Faɗi bokan da ya ba ki," Hajiya ke cewa, "faɗi mu ji."

Luba ta ɗago ta kalli Ummaru ido cikin ido. Kalma ɗaya ta ishe ta ta wanke kanta. Ta kalli tsohuwar da ke haki tana dafe ƙirji, sai kawai ta sunkuyar da kai.

"Ba ni da boka Hajiya. Ki yi haƙuri."

Ganin matarsa a ƙasa Ja'afar ya manta da wani yaya, ya kai wa Ummaru naushi a hanci. Hmm, mai zuciya dai mai zuciya ne. Ummaru ya zaro wuƙar nan ya kai sara, Luba ta faɗo tsakaninsu, wuƙar ta sauka a damtsenta ta tsarge har kusa da gwiwar hannu.

Hannun ya buɗe, ja da fari, jini na tsartuwa kan alayyahun.

Ja'afar ya danne wurin da tafinsa yana kuka. "Hajiya kin ga abin da nake gani? Haka na riƙe cinyar Adewale ranar da Yaya ya sare shi. Shi ya sa ba na iya ci. Ita kuma ta sani, ta gwammace ki zage ta da ki ji."

Hajiya ta juya ga babban ɗanta, wanda ko sunansa ba ta kira. "Kai, gaskiya ne?"

Wuƙar ce ta ba ta amsa, ta sulale daga hannunsa ta faɗi. Hajiya ta cire mayafinta ta ɗaure hannun Luba da kanta. "'Yata kada ki rufe ido, kalle ni."

An yi ɗinki, hannun ya tsira, sai dai tabo. Iyayen Luba suka ce sai kotu, ita ta hana. Hajiya ta tare a Chaza tana jinya, ita ke zuwa kasuwa tana tambayar masu kifi wanne ne karfasa.

Ran nan da rana sai ga Ummaru ya yi sallama, a hankali kamar baƙo, ya rame. Ya tsuguna daga bakin ƙofa ya roƙi gafara, Luba ta ce ta yafe. Hajiya ta tura masa kular naman da aka kawo mata daga gida. Ya buɗe, ya daɗe yana kallo, ya mayar da murfin.

"Luba," ya ce, kansa a ƙasa, "ko akwai sauran kifin nan?"

Ta tashi ta zuba masa da hannun nan mai tabo.

'Yan uwa, kafin ku ce surukarku ta yi asiri, ku fara bincika wuƙar da ke ƙugun ɗanku. Mai haƙuri kuwa, ko an kifar masa da kasko, wata rana a hannunsa za a nemi abinci.