Ruwan Gonar Mudassiru

"Kai ka buɗe musu ruwa?"

Ko sallama ban yi ba. Na tarar da Badaru a bakin kanal ɗin ban-ruwa, wando a naɗe, taɓo har gwiwa. A bayansa ruwa na gangarawa cikin gonar Mudassiru, mutumin da ya sari yayana Suhaibu da fartanya a kan rabon ruwa. Kotu ta yanke masa hukuncin kisa, yana kurkuku yana jira. Tun daga nan manoman layinmu suka datse hanyar ruwansa. Ba wanda ya ce a yi, kowa dai ya san ya kamata.

Sai ga wanda zan aura da kaka ya zo ya fasa datsin da hannunsa.

"Ni ne, Khaulat. Tumatirin Barira ya fara ƙonewa, ga yara..."

"Barira matar wanda ya kashe mana ɗan'uwa!"

Ya ce tumatir bai kashe kowa ba, yaran ma haka. Na ce ai Umma ma ba ta kashe kowa ba, amma ga ta nan ta koma kamar kara, ko tuwo ba ta iya haɗiya. Ya sunkuyar da kai.

Badaru malamin bayoloji ne a sakandare a Kura. Samarin garinmu Bunkure suna kiransa jikan biri, don yana koya wa ɗalibai cewa duk masu rai tushensu ɗaya. Ni nake tare masa faɗa. Nakan ce jahilci ke damunsu, mutum yana koyar da abin da ke cikin littafi ne kawai. Yau kuwa ni ce bakina ke ƙaiƙayin kiransa da sunan.

Na tambaye shi kai tsaye ko yana son a rataye Mudassiru. Ya ce a'a. Wai a tsare shi har tsufa, amma igiya ba za ta dawo da Suhaibu ba, marayu kawai za ta ƙara. Wai tausayi ya girmi kowace doka, ko akuya tana kuka in an yanka ɗanta.

"Ka yi ta zuba, Malam, ko aya ɗaya ba ka kawo min ba. Rai da rai fa aka ce."

Ya ɗago ya dube ni.

"Abar ƙaunata, ba zan shiga gidan aure da ƙarya ba. Ni ban san abin da ke bayan mutuwa ba... na daɗe ban sani ba. Rai ɗaya nake da tabbacinsa, wannan da muke ciki. Shi ya sa ba na son a cire na kowa."



"To ina Suhaibu yake?" na ce. "Kullum Umma tana cewa za ta same shi a can. Ina kake so in ce mata yake?"

Wallahi da ya yi min ƙarya a lokacin, da na karɓa da hannu biyu. Haushin da na ji ke nan, ya fi na ruwan. Ya san ina sonsa, ya san kalma ɗaya ta ishe ni, ya hana ni ita.

Kafin in isa gida labarin datsin ya riga ni. Abba na zaune a soro da ƙannensa biyu, fuska a murtuke. Ya ce an gan ni da yaron nan a bakin kanal, me ya faɗa min?

Na dubi ɗaya daga cikinsu, Baffa Surajo, wanda ko a kasuwa ba ya riƙe magana. Na san abin da garin nan zai yi wa Badaru in kalamansa suka fita daga bakina. Ba aiki kaɗai zai rasa ba.

"Ba abin da ya ce, Abba. Tausayin yara ne ya ɗebe shi."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Amma a mayar musu da kayansu. Na fasa."

Abba ya ce in dai don ruwa ne, ja masa kunne ya isa, kada in yanke hukunci cikin fushi. Na ce halinmu ne bai zo ɗaya ba.

Na shige ɗaki, na danna fuskata a cinyar Umma. Tana shafa kaina tana cewa in yi haƙuri, Allah zai musanya min da wanda ya fi shi. Na ƙara ƙanƙame ta, don kada ta ji sunan da nake kira.