Tarkon da Aka Ɗana wa Orval Tackett

Rana ta kusa faɗuwa Orval Tackett ya saɓa bindiga zai je duba tarkunansa a kwarin da ke bayan tsohon ramin kwal. Tsakiyar Janairu ce, ƙanƙara ta rufe ko'ina. Da safe ya kamata ya zagaya, sai ya ɓata yinin a shagon kayan noma yana yi wa Gwaggo Delphia dariya.

Gwaggo Delphia ita ce tsohuwar da gidanta ke bakin kwarin. Ta ce kwana uku ke nan kyanwar daji, irin mai guntuwar wutsiyar nan, tana zuwa ta zauna a kan shinge duk lokacin da take kulle akurki.

"Ba kajin take kallo ba, Orval. Hannuna take kallo. Koyo take yi."

"To ki sa ta makaranta mana, Gwaggo," in ji shi. "Shekara arba'in ina feɗe su. Na sha leƙa cikin kawunansu, abin da ke ciki bai cika cokalin shayi ba."

Da ya biya gida ɗaukar wuƙa, matarsa Lorene ta ce, "Tsoho, duhu fa zai same ka. Ka bari sai da safe."

"Ke ma ciwon Delphia ya kama ki?"

"Ni dai wake ya nuna, burodin masara na kan wuta. In ka daɗe kare ya ci rabonka."

Orval ya raina abubuwa da yawa a duniya, har da mafi yawan maƙwabtansa, amma babu abin da ya raina kamar kyanwar daji. Dila sai an sha wahala, domin da hanci yake tafiya. Ita kuwa idonta ne ajalinta. Ka ɗaure fiffiken talotalo da zaren fatsa, ka rataye shi a reshe yana lilo. Tana hango shi ta manta da uwarta, ta taho kai a sama. A ƙasa ka binne tarko, ka gitta tsinke ɗaya a gabansa, ɗaya a bayansa. Tsabar tsantseni ba ta taka tsinke. Sai ta tsallake, ta sauke ƙafa daidai inda ka zaɓa mata.

Tarkon farko babu komai. Fiffiken ma babu.

Na biyu haka. Na uku haka.

A na huɗu ya jawo reshen ya duba. Ba tsinka zaren aka yi ba, ba kuma tauna shi aka yi ba. Kwance ƙullin aka yi.

"Yaran birni," ya ce, ya tofar da yawun taba. "Masu kukan tausayin dabba, da naman kaza a bakinsu."

Ya ƙara nutsawa cikin kwarin. Rafi na gunaguni a ƙarƙashin ƙanƙara. Warin kibiritu na fitowa daga bakin ramin kwal, ga kuma wani wari mai hawa kai, na fitsarin kyanwa, kamar an zuba shi da bokiti. Tsuntsaye sun yi shiru. Ban da rafin, ƙarar takalminsa kaɗai yake ji.

Sai ya hango wani abu ja-ja yana juyawa a tsakanin itatuwa.

Hularsa ce ta farauta, wadda ta ɓace masa tun Nuwamba. Tana rataye a reshe, sama kaɗan da kan mutum. Tana juyawa a hankali, ta tsaya, ta koma. Babu iska ko kaɗan.

"Ka ga 'yan banza," ya ce ƙasa-ƙasa. "Har da wasa da ni."

Ya nufe ta, ido a sama. Wani reshe ya gitta hanya, ya ɗaga ƙafa ya tsallake.

Ƙafar tana sama ya gane.

Reshe ɗaya a nan. Wani a gaba. Tsakaninsu taku ɗaya na babban mutum. An share ƙanƙarar wurin sumul, yadda shi yake sharewa.

Amma nauyinsa ya riga ya tafi.

Ƙarfe ya haɗu, ƙarar ta zagaye kwarin ta dawo. Orval ya kife, bindiga ta yi nata wuri. Tsohon tarkon beyar ne, ƙatuwar dabbar dajin nan, irin na zamanin kakanni, mai haƙora, duk tsatsa. Abin da ya cece shi takalmin aikin kwal ne mai ƙarfe a hanci. Haƙoran sun cije ƙarfen, sun lotsa shi kan yatsunsa.

Ya ja. Sarƙa ta amsa daga gindin bishiya.

Ya san abin da ke biyo baya. Wa ya fi shi sani? Mai tarko ba ya sauri. Ta baya yake zuwa.

Ƙanƙara ta yi ƙara a bayansa. Taku ɗaya. Shiru. Wani takun.

Ƙafa biyu ne, ba huɗu ba.

Warin ya matso har yana jin ɗuminsa a ƙeya.

"Kwanta, sakarya," aka raɗa masa. "Yanzu za a gama."

Muryarsa ce. Abin da yake faɗa wa kowace kyanwa ke nan kafin ya ɗaga kulki.

Bai waiwaya ba. Ya zaro wuƙar fiɗa ya kai wa igiyar takalmin. Yatsun hannunsa sun ƙage don sanyi. Igiya ta tsinke, ta zare daga ramukan takalmin, ɗaya, biyu, uku.

Ya ɗago kai.

Kyanwoyi biyar ne a jere kan dutse, kunnuwa a tsaye, guntayen wutsiyoyi ba motsi. Babu mai kallon fuskarsa.

Hannunsa suke kallo.

Ya fizgi ƙafar. Wani abu ya ɓalle a ciki. Ƙafar ta fita.

Ya gudu, ƙafa ɗaya a takalmi, ɗaya a safa, yana sauke kowace a cikin sawun da ya bari da zuwa. Ko da wasa bai ɗaga ido sama ba, ko da yake a gefen idonsa yana ganin fikafikan talotalo suna lilo, reshe bayan reshe, har bakin kwarin.

Gwaggo Delphia ta buɗe ƙofa, ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Orval, ina ɗaya takalmin naka?"

"Yaran birni ne," ya ce.

"Uhum," in ji ta. "Shigo. Ka kulle ƙofar da kyau, amma ka kare sakatar da jikinka, kada su gani."

Yatsun ƙafa biyu likita ya cire masa. Har gobe in ka tambaye shi a shago zai ce maka yaran birni ne, ya ƙara da zagin iyayensu. Sai dai ranar da ya dawo daga asibiti ya sa Lorene ta yanke igiyar kunna fitilar kicin, mai lilo daga sama, wai tana ba shi jiri.

Tarko goma sha tara ya bari a kwarin. Da ƙanƙara ta narke, surukinsa ya je kwaso su, da taswirar da Orval ya zana masa da hannunsa. Ya samu kowane gurbi, ya samu turakun da aka kafe sarƙoƙin a jikinsu. Tarko kam ko ɗaya bai samu ba.