Aljihun Alu

"Yau sai ya ba ki takardarki, Hamsatu! Na gaji!"

Malam Garba ne ke faɗa a tsakar gidansa na unguwar Maourey, ƴarsa na durƙushe tana sharar hawaye. Jiya ma a kan amalanke aka kawo mijinta Alu daga kasuwar Petit Marché, idanu jajir, baki na kumfa.

"Baba, ka yi haƙuri..."

"Haƙurin me? Ƙwaya ta cinye masa ƙwaƙwalwa. Irin wannan ciwo ba ya warkewa, sai dai likitoci su ɗaure mutum a lopital!"

Shekarar fari ce. Sojoji na tsaron rabon jar dawar taimako, su Alu ƴan dako kuwa ke sauke buhuna daga kamiyo da yunwa a cikinsu. Da direba ya danna oda, alamar kaya sun iso, sai su ruga teburin mai kafe, kowa ya zaro ƙwaya daga aljihu ya jefa a kofi. A can ya koya, shi da ko taba bai taɓa sha ba!

Hamsatu ta ɗago kai. "Baba, ran Juma'a ba a sauke kaya, kuma wallahi ko nemanta ba ya yi. Wane irin ciwo ne ya san Juma'a? Koya masa aka yi. Ka ba ni zuwa damina."

"Wace daminar?" Tsohon ya dubi sama, ya yi tsaki. "To, na ba ki. In ya sake faɗuwa, ki kwaso kayanki."

Ta tattara ƴan komatsansu suka haye gada zuwa unguwar Harobanda, suka kama noman rani a bakin kogin da ya kusa zama rairayi. Kai, sun ga wuya! Don rashin ƙwaya Alu ya yi ta karkarwa, ya yi ta masifa. Wata safiya kamiyo ya yi oda a kan gada, sai ga hannunsa ya zarce aljihu da kansa. Ya yar da garwa ya bi titi. Bai dawo ba sai la'asar, yana layi.

"Madam, babanki ya yi gaskiya," ya ce yana kuka. "Ki tafi. Ni na lalace."

Ranta ya ɓaci matuƙa, amma ba ta motsa ba. "Hannunka ne ya saba, Alu. Za mu saba masa da wani abin."

Tun daga ranar, kullum sai ta cusa masa namijin goro a wannan aljihun. In oda ta tashi, hannu ya shiga, goro zai tarar. Ya tauna, ya yamutsa fuska, ya ci gaba da ban ruwa. Sau biyu ya sake zamewa, sau biyu ta sake cika aljihun.

Ana gab da damina Malam Garba ya hayo gada da kansa, fuska a murtuke, da labarin cewa Buba abokin dakon Alu ya yanke jiki ya mutu ƙarƙashin buhu. Yana cikin magana kamiyo ya danna oda. Hamsatu ta zuba wa mijinta ido.

Hannun Alu ya shiga aljihu, ya fito da goron. Ya dube shi, hawayen abokinsa na zuba, sannan ya miƙa wa surukinsa da hannu biyu.

"Bismillah, Baba. Yau ban buƙata."

Tsohon ya karɓa, ya gatsa, bai sake zancen takarda ba.

Abin da aka koya, ƴan'uwa, ana iya kwance shi, in an sami mai haƙurin zama kusa. Buba bai samu ba.