Sunan da Duván Ya Manta Bai Goge Ba

Ranar da Duván, wani matashi mai zane, ya fara shiga shagon ɗab'i na Don Evaristo, ana tsakiyar buga kalandun ƙarshen shekara, kowa a unguwarmu ta Ricaurte idonsa ya yi ja don gajiya. Ya miƙa fayil ɗin zanensa ga Yuliana, 'yar mai shagon, wadda ke duba kowane aiki kafin ya je inji.

Ta buɗe, ta yi tsaki, ta juyo masa da kwamfutar.

"Bawan Allah, wannan baƙin akwatin da ke bayan hoton burodi, gawa za a saka a ciki?"

"Inuwa ce fa! Shara-shara na yi ta. Na rantse a wajena lafiya lau take."

"Kowa ma a wajensa lafiya lau take."

Ciwon kanmu ke nan a wannan sana'a. Matasa suna zane da sabuwar manhaja, shagunanmu suna fama da tsohuwa. Da an ɗauko fayil daga waccan zuwa wannan, abin da ke shara-shara sai ya daskare, shimfiɗun zanen da aka jera ɗaya kan ɗaya su cakuɗe, har wadda aka ɓoye ta fito fili.

Suka zauna gyara har gahawar da ya sayo mata ta huce. Ita tana mita, shi yana kallon gefen fuskarta.

Daga nan aikinsa kullum sai ya lalace, kullum sai ya zo. Saƙonni suka fara.

"Sarauniyata, kin ci abinci, ko har yanzu kina faɗa da inuwata?"

"Mai Inuwa, bayana ciwo yake. Amma ka zo."

Don Evaristo kuwa ko kallonsa ba ya son yi.

"Mutumin da bai iya kawo aiki a kammale ba, gida zai riƙe? Ga Fabián, ɗan mai kawo mana takarda, yaro mai tsari."

"Baba, Fabián ko dariya sai ya duba agogo."

Ta gaji. Gajiyar aiki daban, ta kare Duván a gaban mahaifinta kowace safiya daban. Abin da ya riƙe ta kawai, ta yarda Duván ba ya mata ƙarya.

Sai wata Talata ya aiko da katin auren wata mai suna Marcela. Yuliana ta buɗe. A ƙarƙashin sunan ango, ga wani rubutu ya leƙo da ruwan zinariya: Duván da Marcela.

Ba ta yi kuka ba. Ta rubuta masa, "Allah ya sa alheri. Ka nemi wani shagon," ta kashe wayar. Ya zo ƙofa, ta sa aka ce ba ta nan. Fabián ya kawo furanni, ta karɓa, don ba ta da ƙarfin cewa a'a.

Don Evaristo ya samu abin da yake so, sai dai bai ji daɗinsa ba. 'Yarsa ta daina mita, shagon ya yi shiru in ban da ƙugin inji. Wata rana da hantsi ya ja kujera ya zauna kusa da ita.

"Buɗe min katin nan."

Ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo.

"'Yata, tun ba a haife ki ba nake ganin wannan shirmen. Amarya ba ta aiko da sunan ango a kan lokaci ba, sai sakaran ya sa nasa don ya gwada ko rubutun zai zauna. Da sunan ya zo, ya ɓoye shimfiɗar maimakon ya goge. Wane mahaukaci ne zai ɓoye miki aurensa, ya kawo miki katin ki buga?"

Ta dube shi, idonta ya ciko.

"Baba, ai da ka yi shiru, da ka huta da shi."

"Na sani. Shirunki ne ya fi ƙarfina. Kira shi."

Duván ya iso yana haki, hularsa a hannu.

"Don Evaristo, ni dai..."

"Kai dai malalaci ne, amma ba maƙaryaci ba ne. Ga ta nan, ka yi mata bayani da bakinka."

Ya durƙusa gefen kujerarta.

"Sarauniyata, sunana ba ya zama kusa da na kowa sai naki."

"Ka wahalar da ni, Duván."

"Na sani. Ki bar ni in yi sauran rayuwata ina gyarawa."

An ɗaura auren Duván da Yuliana a cocin unguwa bayan an gama aikin kalanda. Wajen liyafa, ana ta kiɗa da rawa, aka nemi ango da amarya aka rasa. Don Evaristo ne ya same su a kan benci a bayan zauren, ta cire takalmanta, kanta a kafaɗarsa, dukansu biyu barci ya kwashe su.

Ya tuɓe kwat ɗinsa ya lulluɓa musu, ya tsaya a ƙofa yana korar masu ɗaukar hoto.

"Ku ƙyale min 'ya'yana su huta," in ji shi. "Allah ya yi musu albarka, ya ba su zaman lafiya."

Muka ce amin, a hankali.