Ƙofar da Ta Ƙi Ɗaguwa

Ƙarfe ɗaya da rabi na rana Mama ta dawo daga asibiti ta tarar an lanƙwasa gindin ƙofar garejinta, motar marigayi mijinta kuma babu ita. Ba ta yi ihu ba. A bakin rariya ta zauna da ledar magani a cinya, a nan Sufeto ta same ta.

Sufeto ta shekara goma sha tara tana aikin ɗan sanda, kuma ta saba duba ƙofa kafin ta dubi fuskar kowa. Wannan sabuwa ce fil, ta alminiyam, irin mai naɗewa sama. An sa ƙarfe an ɓanɓare ta daga ƙasa ta gefen makulli, har ta buɗe baki daidai shigar mutum da rarrafe. Sufeto ta kama hannun ƙofar ta ɗaga. Ƙofar ta tashi zuwa gwiwa ta cije. Sufeto ta kira Kofur ɗin da ya rako ta suka haɗa ƙarfi, ko motsi ba ta ƙara ba.

Ta rarrafa ta shiga. Ciki a share yake tas. A lungu, bayan wani tsohon buhu, ga mataccen batir, an tattauna kawunansa da fulaya.

"Mama, yaushe rabon da a tayar da motar nan?" ta tambaya da ta fito.

"Shekara huɗu. Tun ranar da ya ajiye ta. Goge ta kawai nake yi."

"Su wa ke da makulli?"

"Ni da babban ɗana."

Babban ɗan yana tsaye a inuwa, ana ce masa Yaya Babba, ma'aikacin ofis ne mai tsaftar riga. Gefensa ƙanwarsa Auta, idonta ya yi jawur.

"Ni dai na faɗa," in ji Auta, ba tare da an tambaye ta ba. "Da tsohuwar ta katako gara ta cinye, na ce a sa ta ƙarfe. Aka ce bakina ya yi yawa. Ga shi nan, an sa mana gwangwani."

"Ke kika san ciwon kafaɗar Mama?" Yaya Babba ya ce a gajiye. "Ta ƙarfe wa zai riƙa ɗaga mata? Ga tsatsa, ga ƙara. Sauƙi na nema mata. Ranki ya daɗe, in ana neman wanda ya san mota, ai ba sai an je nesa ba. Mijin wannan makanike ne."

Auta ta yo kansa, Kofur ya shiga tsakani.

Makaniken yana zaune a tsohuwar motarsa a bakin titi, ya riƙe sitiyari kamar mai jiran hukunci. Sufeto ta leƙa ta taga.

"Ina kake daga safe zuwa yanzu?"

"Ni na kai Mama asibiti. Tun takwas muna kan benci ɗaya. Ki tambaye ta, har faɗa ta yi min wai ina kaɗa ƙafa."

"Yaran garejinka fa?"

"Ni kaɗai nake aikina. Kuma ko hannun motar nan ba a taɓa bari na taɓa ba. Sau ɗaya na ce a bar ni in tayar da ita kar injin ya kwanta, Mama ta yi sati ba ta amsa gaisuwata."

Ta nuna masa batirin da Kofur ya fito da shi. Ya dubi kawunan ya yatsina fuska.

"Wanda ya yi wannan bai san lambar sifana ba. Da fulaya ya yi ta kokawa da shi."

Tsallaken titi akwai tela, shagonsa na kallon garejin, sai dai kekensa bango yake fuskanta.

"Ban ga komai ba, ranki ya daɗe, kaina na kan ɗinki. Ji dai na yi. Wajen sha ɗaya mota ta tashi ta fita. Na ce a raina yau an tuna da ita."

"Ƙarar fasa ƙofa fa?"

"Na ji wani ƙwar-ƙwar, kamar ana taka gwangwani."

"Kafin motar ta tashi?"

Tela ya tsayar da keke. "A'a fa. Bayan ta fita ne. Har na gama hannun riga ɗaya a tsakani."

Daga nan Sufeto ta nufi wurin mai waldar da ya kafa ƙofar, wani dattijo da ake kira Tartsatsi. Ta same shi yana yanka bututu, ya ɗaga gilashin fuskarsa yana kallon kakinta.

"Na san za a zo," ya ce. "Duk ƙofar da aka fasa, wanda ya kafa ta ake fara nema. Tun asuba ina nan da mutum uku, ga su can."

"Ka riƙe makulli?"

"Makullan a leda suka zo a liƙe. Ɗan gidan ne ya yage ta da hannunsa."

"Wa ya zaɓi alminiyam?"

"Shi. Ni na ce musu, gareji mai kallon titi, ƙarfe ya fi. Katako yana da kyau amma sai da kula, gara da ruwa ba sa barinsa. Alminiyam ba ya tsatsa, ba nauyi, amma ko gwiwa ka sa masa sai ya loɓa. Nauyin ƙarfe kuwa ba abin damuwa ba ne, akwai sifirin da ake sa wa, wani murɗaɗɗen ƙarfe mai ɗauke nauyin, tsohuwa ma da hannu ɗaya za ta ɗaga."

"Ka gaya masa haka?"

"Sau biyu. Ya zo shi kaɗai kafin ya kawo uwar. Ya yi ta tambaya, ta ƙarfe da me ake fasa ta, minti nawa, ana ji daga nesa? Na ce sai da injin yanka, unguwa duk sai ta fito. Ya ce alminiyam fa? Na ce ƙarfen cire taya ya isa. Na ɗauka ta ƙarfen zai ce. Sai ya ce in sa alminiyam, kuma kar in tayar da zancen sifirin a gaban Mama, wai kar in ruɗa ta."

"In gindinta ya lanƙwashe, za ta naɗe sama?"

Tartsatsi ya yi dariya. "Ko da mutum goma."

La'asar ta yi lokacin da Sufeto ta tara su a falon Mama. Ba ta zauna ba.

"Yaya Babba, ina kake ƙarfe sha ɗaya?"

"Ofis."

"Kofur ya je. An ce ka fita goma da rabi, ba ka dawo ba sai sha biyu da kwata."

"Na je cin abinci."

"To. Bari in gaya muku abin da ƙofar ta gaya min. Yadda take a lanƙwashe, ba ta wuce gwiwa. Mota ba ta fita ta nan. Ke nan an buɗe ta lafiya da makulli, an fitar da mota, an dawo an rufe, sannan aka ɓanɓare ta don a ce ɓarawon waje ne. Tela ya ji motar kafin ya ji ƙarar. Motar da ta shekara huɗu a kwance ba ta tashi sai an canza batir an hura taya, wannan kuma aikin mai shiga da fita ne a natse. Makulli biyu ne. Ɗaya yana jakar Mama a asibiti."

Ta juya ta dubi Yaya Babba.

"Da ta ƙarfe aka sa, babu mai yarda an fasa ta da rana tsaka ba a ji ba. Ido zai koma kan mai makulli. Shi ya sa ka nemi wadda za ta loɓa. Mai walda ya gaya maka akwai sifirin da zai sauƙaƙa wa Mama ta ƙarfe, ka ce ya yi shiru. Satar nan ba yau ka yi ta ba. Ranar da ka zaɓi ƙofa ka yi ta."

Yaya Babba ya daɗe yana kallon takalminsa.

"Tana wurin wani dillali a bayan tasha," ya ce a ƙarshe. Sai muryarsa ta tashi. "Shekara huɗu! 'Ya'yana uku nake ɗorawa a babur cikin ruwan sama, mu wuce ta gaban motar ubana tana kulle ana goge ta da tsumma. Shi da bakinsa ya ce tawa ce."

"Da ka tambaye ni," Mama ta ce a hankali.

"Sau nawa, Mama? Sau nawa na durƙusa a kan tabarmar nan? Kullum sai ki ce ba yanzu ba."

Mama ta sunkuyar da kai.

"Kuma mijina ka so a ɗaure," Auta ta ce wa yayanta.

Bai dube ta ba.

"Kowa na gaya wa," Mama ta ce, ba da kowa take ba. "Har likita yau da safe. Na ce ɗana ya sa min ƙofa saboda kafaɗata."

Kofur ya taɓa hannun Yaya Babba, ya tashi ba gardama. Sufeto ta bi bayansu. Ta kama mutane da yawa, amma irin wannan kamun ba ya sa ta jin ta yi wani abin kirki.

An samo motar washegari, an riga an cire mata lamba. Kwana uku bayan haka Mama ta zo ofis da kanta ta ce ta janye ƙara, ta sa hannu ba ta tambayi inda ɗan yake ba. Da aka miƙa mata makullin motar, a nan harabar ofishin ta sa aka kira dillali. Farashin farko da ya faɗa ta ce ta sallama. Auta ta ce, "Mama, ko ki bari a yi shawara?" Ta ce ta gama shawara da 'ya'ya.

Sufeto na kallo ta taga lokacin da dillalin ya ja motar ya fita. Makaniken ya buɗe wa surukarsa ƙofar tasa motar, ta girgiza kai, ta gyara mayafi, ta kama hanya a ƙafa.